Ban da Lahadi

Mama Clara ta tura ƙofar ajin da ƙotar fartanya, ɗalibai suka waigo. Dokta Cornelius na tsaye gaban allo, alli har gwiwar hannu. Da safe nazarin rana da sararin sama yake yi, da yamma ya koya wa ɗalibai kafa sana'ar kansu.

"Kai ne mai na'urar?"

"Ni ne, Mama. Ki bari mu tashi."

"Na bari sau huɗu. Ruwa ya sauka, irin alayyahona na nan ƙulle a bakin zane!"

Tun mijinta na lebura a makarantar take noma ɗan filin bayan katanga a Samaru, ta kai ganyen kasuwar Sabon Gari. Makon jiya aka kewaye wurin da igiya, wai akwatin awon da Dokta ya binne a gefe ba ya son ƙarfe kusa da shi. A ofis suka ce ba za a ba ta wani fili ba sai ta kawo takardar shaidar tana noma can. Wa ya taɓa yanka wa fartanya takarda?

Ya sallami ɗaliban, ya kai ta ofishinsa, ya zube a kujera. Ya juyo mata fuskar kwamfuta.

"Kin ga layin nan? Daga akwatin awon yake zuwa. Shekara uku, kullum da sassafe sai ya yi tsalle. Na ɗauka aikin rana ne. Har rahoto na rubuta, na kai taro." Ya murza idanu. "Sai wani ya tambaye ni me ya sa ranar tawa ke hutu ran Lahadi."

"Lahadi ina coci."

"Na gano, Mama."

Ta matso. Ba ta iya karatu ba, amma ta ɗora yatsa inda layin ya kwanta shame-shame.

"Nan fa?"

"Agustan bara. Kwana tara bai motsa ba."

"Makokin maigidana ke nan." Ta jima tana kallon wurin. "Ashe abin naka bai san sama ba, ni ya sani. Buga min shi, duka shekara ukun. Ka rubuta fartanyata ce, ka sa hannu, in kai musu ofis."

Ya dubi rahotonsa da ke kan tebur, ya dube ta. Ya kifar da rahoton, ya kunna injin bugawa.

Ta jingine fartanyar, ta zauna jiran shafin farko.