Rarar Yadi a Rigar Auta

Duk shekarun da na yi ina tuƙa babbar mota ban taɓa ɗaukar fasinja mai faɗa irin matata ba, ita ma ba a mota na gane hakan ba, a gaban keken ɗinkinta ne.

Tela ce, kekenta kuwa na ƙafa ne, irin wanda ake takawa. Ciwon dajin da aka yi mata aikinsa a mama bara ne ya dawo. Likita ya nuna mana hoto, ya ce ya shiga ƙashin ƙugunta na dama, ya taɓa naman wurin. Ni tun kafin hoton na gani: tana jan ƙafa, tana dafa bango, in ta zauna sai ta karkace gefe guda. Ƙafar da ta yi rabin rayuwarta a kan feda yanzu ko motsa shi ba ta iyawa.

Ga Autarmu ta gama karatun jinya, za ta fara aiki, tana buƙatar farar riga. Na ce a kai wa wani tela. Kallon da matata ta yi min ya sa na haɗiye sauran maganar.

"Tun tana jaririya ni nake mata ɗinki," ta ce. "Jawo kujera, Direba. Kai ne ƙafa, ni ce hannu."

Ta sha maganinta, na tokare mata ƙugu da matashi, na matso na ɗora ƙafa a kan feda. Takun farko keken ya juya da baya, zare ya tsinke. Na biyu na ba shi wuta kamar na samu miƙaƙƙiyar hanya.

"Birki, Malam. Yadi ne a gabanka, ba kwalta ba."

A hankali muka daidaita. In ta taɓa gwiwata in taka, in ta ɗage hannu in tsaya. Wani lokaci ba ɗinkin ne ke tsayar da mu ba, ciwon ne. Sai ta damƙe bakin tebur, gumi ya karyo mata, ni kuma in zuba wa bango ido don kada ta ga tsorona. Na ce mu bari sai gobe. Ta ce ƙugun gobe ba zai fi na yau sauƙi ba.

Da muka zo gefen rigar na lura ta bar yadi mai yawa daga ciki. Na zaci magani ne ya rikita mata awo.

"Maman Auta, rarar nan ta yi yawa. Yarinyar kamar tsinke take."

"Na sani. Ai ba haka za ta zauna ba. Za ta murmure, wata rana ma ta yi ciki. In rigar ta matse ta, kowane tela zai iya farkewa ya buɗa mata. Ka gaya mata akwai rara a ciki, kada ta yar."

"Ke za ki gaya mata."

"Zan gaya mata. Kai ma dai ka riƙe."

Na ɗage ƙafata daga kan feda. Ita kuwa ta gyara zama, ta cije leɓe, ta saita yadin a ƙarƙashin allura, sannan ta taɓa gwiwata.

"Saura hannu ɗaya. Taka, Direba, a hankali."

Na taka.