Kwanon Bayan Katanga

Ofelia Archuleta ta haura shekara saba'in, kuma tun da aka kawo ta gidan miji a wani kwari na arewacin New Mexico take kiwon tumaki. A da, daga ƙofar gidanta sai gonaki sai duwatsu. Yanzu gari ya biyo ta har bakin shinge, gidaje arba'in iri ɗaya, kowanne da katangarsa. Ita dai tana nan da tumakinta ashirin da uku, da jakin da ke gadinsu, da koyoti biyu, mace da namiji, irin dilolin nan masu kama da kare, waɗanda suka haƙa rami a gindin wata tsohuwar bishiya kusa da hanyar ruwan gona. Shekara shida suna wurin, suna cin ɓeraye da zomaye, ba su taɓa mata ko ɗan tunkiya ɗaya ba.

Wata ranar Talata da hantsi maƙwabciyarta Darlene Whitacre ta shigo da takarda a hannu, idanunta sun kumbura.

"Sun ɗauke Mitzi," in ji ta. "Jiya da rana tsaka, a tsakar gidana. Na shiga in ɗauko mata ruwa, na fito sai igiyar wuyanta kawai na tarar."

Ofelia ta san 'yar karyar, fara ce, ba ta fi kyanwa girma ba. Ta zaunar da Darlene, ta zuba mata kofi, ta yi mata jaje har zuciyarta. Sai da ta sha rabin kofin sannan Darlene ta turo takardar. Mutanen unguwa sun yarda a kira mai ɗana tarko. Ramin a filin Ofelia yake, saboda haka sai ta sa hannu zai shiga.

"Ba zan sa ba, 'yar nan."

"Ashe karyata ba rai ba ce?"

"Rai ce mana. Amma saurara. Marigayi mijina Cipriano, shekarar da muka yi aure ya harbe wasu biyu da ke zaune a ramin nan, don kawai ya nuna min ya iya bindiga. Ba su taɓa mana komai ba. Kafin wata biyu baƙi suka cika filin, waɗanda ba su san mu ba, ba mu san su ba. 'Yan tumaki tara muka rasa. Waɗannan da kike gani su ke korar baƙi."

"To, naki gadi suke yi, nawa ci suke yi," Darlene ta ce. Ta naɗe takardarta ta fita ba sallama.

Maganar ta tsaya wa Ofelia a rai. Ta san halin koyoti, ba ya tsallake katangar mutum da rana sai da dalili. Ta yi ta tunanin ko ita ce tsufa ya sa take kare abin da bai cancanta ba. Kwana biyu ko miyar barkononta ba ta yi mata daɗi ba.

Ranar Juma'a da sassafe ta fita da shebur za ta juya ruwa zuwa gonar ciyawa. A nan ta ga wata siririyar hanya da ƙafafun dabba suka taka, ta taso daga jeji ta miƙe sak zuwa katangar gidan su Darlene. Ta raɓe a bayan itace. Ba ta daɗe ba sai ga kan Wendell, mijin Darlene, ya leƙo ta saman katanga, ya zuro kwano da igiya. Wani matashin koyoti, haihuwar bara, ya fito daga ciyawa yana ɗan ɗingishi. Bai ko waiwaya ba, ya zo ya sa baki, har Wendell na iya taɓa kunnensa in ya so.

Ofelia ta buga shebur a dutse. Dabbar ta ja da baya taku biyar kawai, ta tsaya tana jira. Wannan ne ya fi tayar mata da hankali.

"Sauko, dattijo, kada ka faɗo daga kan abin da ka taka mu shiga uku."

Wendell ya zagayo ta ƙaramar ƙofa yana sosa ƙeya. Tsohon direban bas ne, shekara talatin yana jigilar mutane can a jihar Ohio, ciwon ƙirji ya sa likita ya ce su koma inda iska ta bushe. A nan bai san kowa ba.

"Lokacin sanyi na gan shi, Iya Ofelia, ƙashi da fata, yana jan ƙafa. Ƙasusuwan kaza kawai na jefa masa. Washegari ya dawo."

"Kai ma ka dawo."

"Na dawo." Ya sunkuyar da kai. "Ranar Litinin na makara, muna asibiti da safe. Ya zo bai samu kwano ba, sai ya shigo nema. Tun a ranar na sani."

"Ka sani, kuma yau ga ka da kwano?"

"Yana zuwa ya zauna yana kallon katangar. A garin nan duk babu mai jirana sai shi."

Ofelia ta zo da faɗa a bakinta, amma sai ta ji ya gagare ta. Ta jingina da shebur ta ce, "Ba taimakonsa ka yi ba, Wendell. Tsoron mutum shi ne ke raya su, kai kuma ka cire masa. Ni ba zan gaya wa matarka ba, ba aikina ba ne. Amma tana can tana tsine wa waɗanda ba su yi mata laifi ba, kai kana zaune kusa da ita."

Ya gaya wa Darlene da yammacin ranar. Ofelia ba ta ji abin da aka ce ba, ta dai ga Wendell ya yi kwana huɗu yana cin abinci shi kaɗai a cikin mota.

A kwanakin nan ta yi iya ƙoƙarinta. Ta zuba tsakuwa a gwangwani, duk safiya ta tsare hanyar tana kaɗawa tana jifa, ko matashin zai tuna da tsoro. Yakan gudu, in ta juya baya ya dawo. Mai tarko ya zo ranar Laraba, ya kafa kayansa a bayan gidajen unguwa tunda filinta ya gagare shi. Tsofaffin koyotin biyu ko kusa da wurin ba su je ba. Matashin kuwa a rana ta biyu ya taka da kansa ya shiga tarkon, don ya saba duk abin da aka ajiye a bayan katanga nasa ne.

Wendell ya roƙi mai tarkon ya bar masa gawar, ya zo ya tambayi Ofelia ko zai binne ta a filinta. Ta nuna masa inda ƙasa ke da laushi. Yana haƙa yana tari, ramin bai ko kai gwiwa ba numfashinsa ya ɗauke. Sai ga Darlene ta tsallako shinge. Ta karɓi sheburin ta ƙarasa. Da suka mayar da ƙasa ta dubi Ofelia ta ce, "Har yanzu ba na son su."

"Ba a ce ki so su ba. Ki dai rufe kwandon shara, kuma in kin ga ɗaya ki daka masa tsawa."

Bayan mako uku wata tunkiya ta haifi biyu ta ƙi ɗaya. Ofelia ta naɗe shi a tsohon bargo, ta ɗauki kwalbar madara, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar su Darlene.

"Sau shida a rana," ta ce wa Wendell tana miƙa masa. "In ka makara zai yi ta kuka har unguwa ta ji."

Wendell ya rungume shi kamar za a ƙwace. Darlene ta tsaya a bayansa ta harɗe hannuwa, ta daɗe tana kallon ɗan tunkiyar yana lalubar yatsan mijinta.

"Ba a kan kujerata ba," ta ce. "Kuma ka karkata kwalbar, malam direba, iska yake sha."