Kadan Ƙofar Baya

Bayan gidanmu a Bakura akwai magudanar ruwan noman rani, zurfinta ya fi ƙarfin yaro. Ƙanena Nazir shekararsa shida, likita ya ce galahanga gare shi. Magana ba ta dame shi ba, in ka kira sunansa ma ba lallai ya waiwayo ba. Amma ruwa mai gudu, wannan kam yana sonsa. Sau uku ana tsinto shi a bakin magudanar. Mun sa wa ƙofar baya kwaɗo, sai dai ta nan muke fitar da awaki, kullum sai wani ya manta ta buɗe.

Inna ta gwada ce masa akwai dodo a ruwa. Ko kallonta bai yi ba.

Babanmu Mamuda mahauci ne, ba ya son dogon zance. Ya ce, "Wanga yaro ba ya jin dodon baki. A zana mai shi ya gani da idonai."

Washegari ya zo da Ɗanlami mai zanen motoci. Ɗanlami ya zana kada a jikin ƙofar ta cikin gida, baki wangame, ido jawur, haƙora kamar wuƙaƙen Baba. Wacce ta fara gani ita ce Gwaggo Baturiya, ta shigo da ƙwaryar fura. Ta saki ƙwaryar tana salati.

"Mamuda! Mi na ne wanga a gidan Musulmi?"

"Na yaro ne, Yaya."

"To ni yaro ce? Biya ni furata!"

Awaki ma suka ƙi bin ƙofar, sai da muka riƙa jansu ta zaure.

Aka kawo Nazir, muka laɓe muna jiran ya ruga. Ya tsaya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fenti. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya a ƙare cin tuwo, ranar tun hantsi har azahar yana nan, yana bin haƙoran da yatsa. Sai can ya fasa ihu.

Baba ya ce, "Alhamdulillahi, tsoro ya shiga!"

Ba tsoro ba ne. Nazir ya kamo hannuna ya ɗora a kan bakin kadan yana cewa, "Sha biyu. Sha ɗaya." Na ƙirga. Haƙoran sama sha biyu, na ƙasa sha ɗaya. Bai yi shiru ba sai da aka ɗauko Ɗanlami daga tasha a kan babur.

Ɗanlami yana ƙara haƙorin yana ƙunƙuni. "Shekara ashirin ina zane, direba bai taɓa ƙirga mani haƙori ba."

Gwaggo ta ce, "Direba gudu yakai, wanga kuwa tsaye yake."

Ranar Laraba ina tankaɗe, na ji ƙofar baya ta yi ƙara. Iska ce ta tura ta waje. Na ɗaga kai, babu Nazir. Ni da Inna muka ruga, ko takalmi babu.

Yana waje. Ƙofar ta buɗe, shi kuma ya bi kadansa. Ruwan na gudu taku uku a bayansa, ya ba shi baya, yatsansa na kan haƙori na bakwai. Na buɗe baki zan kira shi, Inna ta toshe mani da tafin hannunta mai warin daddawa.

Ta lallaɓa ta kama gefen ƙofar, ta fara jawo ta ciki a hankali. Kadan ya matsa, Nazir ya matsa. Kadan ya ƙara matsawa, ya bi shi, yana ƙirge. Haka Inna ta shigo da su biyun tsakar gida, ta datse kwaɗo, sannan ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

Nazir ya kai ƙarshen layi, ya ce, "Sha biyu." Ya koma farko.