Biyun da Suka Ɓace wa Mai Agogo

"Kada ki taɓa min faranti!" in ji Baba Mai Agogo, duk da muryar da ƙyar take fita.

Tela ta janye hannu tana dariya. Shekara goma sha biyu shagonta yana manne da nasa, ta san rigimarsa sarai. Likita ya sallamo shi gida, kowa ya fahimci nufin hakan, amma tsohon ba ta ransa yake ba, ta maɓallan da ya aro a wurinta yake. Takwas ya jera a da'ira a kan farantin: baƙaƙe uku na bugun kiɗa, farare biyar na shiru.

"Hanya hamsin da shida ake jera su, 'yata. Amma kiɗa zagayawa yake kamar agogo, ko'ina kika fara duk ɗaya ne. Raba da takwas. Bakwai! Ni kuwa biyar na samu. Haka zan tafi in bar biyu a ɓace?"

"Wata uku ke nan yana nemansu," in ji matarsa Iya daga bakin ƙofa. "Ko ni bai nema haka ba."

Tausayinsa ya kama tela. Ta duƙa kan biyar ɗin da ya zana a takarda, ta nuna ɗaya.

"Baba, wannan fa, in aka bi shi ta baya?"

"Shi ne dai."

"Haba Baba! Hannun riga na dama da na hagu zubi ɗaya ne, amma ɗinka na hagu a dama ka ga ko mai riga zai sake gaishe ka."

Ta ƙwanƙwasa a ƙarfen gado: bugu, bugu, shiru, bugu. Sannan ta juya shi: bugu, shiru, bugu, bugu.

Tsoho ya kasa kunne. Can sai ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Daban ne! Wallahi daban ne! Shida!" Ya bi sauran zanen da yatsa, ya tsaya kan wani, ya juya shi da kansa. "Bakwai! Iya, zo ki ji bakwai!"

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya cika.

Da tela ta shiga taya Iya aiki, ta same ta zaune da kofinsa a cinya, tana bubbuga shi a hankali da cokali, sau uku, ta dakata, ta sake.