Kwas Tara na Auta

Tun Auta tana firamare aka san karatu yana ba ta wahala. Ba kai ne ba ta da shi ba, in ka faɗa mata abu sau ɗaya ta riƙe ke nan. Haruffa ne ke cuɗe mata a ido, shafi guda sai ya cinye mata awa. Da ta shiga kwaleji, yayarta mai aikin jinya ta ɗauki nauyin karanta mata takardun darasi tana naɗa a waya, ita kuma ta saurara.

A wannan zangon Auta ta yi rajistar kwas tara, don kada 'yan ajinsu su gama su bar ta. Yaya kan dawo daga asibiti ƙafafu a kumbure, ta tarar da tulin takardu a kan gadonta. Ta karanta a kicin, ta karanta a mota, har lokacin cin abincinta ya koma na karatu. Cikin mako shida muryarta ta dishe. Da sakamakon gwaji ya fito, Auta ta faɗi huɗu, biyu kuma da ƙyar ta sha.

Ranar da Yaya ke hutun aiki ta raka ta wurin malamar da ke kula da rajistar ajinsu. Awa biyu suka yi a bencin baranda kafin a kira su. Malama ta duba fayil, ta ce kwasa-kwasan masu yawan karatu ne aka haɗa wa yarinya lokaci guda. Za a iya ajiye huɗu zuwa baɗi, a ƙara mata lokaci a jarrabawa, amma fa sai ta ƙara shekara.

"Shekara guda, Malama? Baba zai ce wasa nake yi," in ji Auta. Ta juyo. "Yaya, ai za mu iya, ko?"

Yaya ta buɗe baki za ta ce e, kamar yadda ta saba. Sai ta ji kanta tana cewa, "Auta, wallahi na gaji."

Auta ta dube ta, sannan ta ja fom ɗin ajiye kwas da ke kan teburin Malama. Malama ta karanta mata shi layi-layi, ta nuna mata inda za ta sa hannu.

Sai da suka yi zuwa uku kafin su sami shugaban sashe ya buga hatimi. Baba kuwa, da suka faɗa masa, kwana biyu bai tanka musu ba. A na uku, yana ɗaura agogo zai fita, ya tambayi Yaya ko biyar ɗin ma ba su yi wa ƙanwarta yawa ba. Ta ce sai an gwada. Ya gyaɗa kai ya fita.

Ran nan da Yaya ta dawo daga aiki da la'asar, ta zauna a bakin gado don ta cire takalmi. Ɗaya kawai ta cire barci ya ɗauke ta.