Na'ura Ta Tsaya

"Ka yi haƙuri, yallaɓai, na'ura ta tsaya," in ji Taga Biyu. Ta tura wa mutumin takardar cire kuɗinsa ta ƙarƙashin gilashi.

Mutumin ya leƙa. Ga na'urar nan a gabanta, fitilarta kore shar, ko ciwon kai ba ta yi.

"Wannan da take kunne fa?"

"Daga babban ofis ne matsalar."

"Jiya ma haka kika ce."

"Jiya ma daga can ne."

Ya yi mata Allah ya isa a hankali, irin na mutanen kirki, ya koma ƙarshen layi ko za a dace.

A bankin nan ba a kiran ma'aikaci da sunansa, lambar tagarsa ita ce sunansa. Da safe kafin a buɗe ƙofa Manaja ya tara tagogin duka ya yi musu jawabi. Ya ce tattalin arzikin duniya na tangal-tangal, manyan ƙasashe ma kuka suke. Bai taɓo abin da har mai shara ya sani ba, wato shugabannin bankin sun kwashi ajiyar mutane sun ranta wa kamfanonin ƙannensu da surukansu, kamfanonin kuwa sun bi iska. Umarninsa gajere ne. Mai cire kuɗi, na'ura ta tsaya. Mai ajiya, a ba shi kujera da ruwan sanyi. Duk tagar da ba ta jawo sabuwar ajiya mai tsoka ba kafin ƙarshen wata, to ta fara koyon zaman gida.

Zaman gida kuwa Taga Biyu ta riga ta ga yadda yake. Tun da kamfaninsu mijinta ya rage ma'aikata yake gida, yana kwakkwance fanka da rediyo yana gyara abin da bai lalace ba. An cire yara daga makarantar kuɗi, an gaya wa dangi wai ta yi musu nisa. Labulen falo na nan da kyansu, firji ma yana nan a kunne, yana sanyaya ruwa da rabin albasa. Albashinta kaɗai ke riƙe da gidan.

"Ni na tsira," in ji Taga Uku, maƙwabciyarta, ba tare da ta daina murmushi ga layi ba. "Kawuna ya kawo kuɗin shanunsa."

"Kin san bankin nan ba zai ga sabuwar shekara ba."

"Kawu yana da wasu shanun. Ni ko kaza ba ni da ita."

Rana ta yi tsaka lokacin da Taga Biyu ta hango mahaifinta a layi. Tsohon malamin makaranta ne, ya sa rigarsa ta zuwa taro, yana rungume da jakar fatar da ya ƙare aiki yana zuba littattafan ɗalibai a ciki. Mai gadi ya san shi, ya yi ta roƙonsa ya wuce gaba. Baba ya ƙi. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana zane masu tsallake layi ba zai fara da tsufansa ba.

Da ya iso ya ɗora jakar a kan kanta.

"Sannu da aiki, Uwata."

"Baba, lafiya? Ina Mama?"

"Lafiya lau. Ajiya na kawo."

Kafin ya rufe baki kujera ta iso, ruwan sanyi na bin ta. Manaja ma ya fito daga ofishinsa, don shi ta bango yake jin ƙanshin ajiya.

Baba ya zuge jakar. Ɗaurin kuɗi ne a jere, ya shirya su kamar takardun jarrabawa.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Motar na sayar."

Motar ce abin da ya saya da kuɗin sallamarsa, ita ce kaɗai abin da aikin ya bar masa. Kullum da safe sai ya wanke ta, ko ba inda za shi. Da ita yake kai Mama asibiti saboda gwiwarta.

"Mamarki ta ce kin yi kuka a waya, wai za a sallame ku in ba ku kawo ajiya ba," in ji Baba. "To ga ajiya. Ai ba kyauta na ba su ba, aje mini za su yi."

"Asibitin Mama fa?"

"Akwai bas. Likita ma ya ce ta riƙa motsa ƙafar."

"Wannan shi ne uba!" in ji Manaja, yana murza hannu. "Baba, ka zo inda kuɗinka zai yi barci da minshari. Taga Biyu, yi wa Baba aiki."

Ta jawo ɗaurin farko. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta fi tsoron yawa. Ta tuna kuɗin haya da firji da mijinta a tsakiyar falo da fanka a warwatse. In ta danna maɓalli, aikinta ya tsira zuwa wani lokaci. Motar Baba kuwa ta tafi inda kamfanonin surukai suka tafi.

Ta mayar da ɗaurin ta ƙarƙashin gilashi.

"Ka yi haƙuri, Baba, na'ura ta tsaya."

Manaja ya yi wata 'yar dariya. "Ta tsaya? Ba ga ta nan a kunne ba?"

"Daga babban ofis ne matsalar, yallaɓai."

Wata mata mai goyo ta ɗaga takardarta sama.

"Manaja, in tana aiki ka faɗa mana. Tun safe nake nan."

Takardu suka tashi sama ko'ina, har da ta mutumin nan mai Allah ya isa. Manaja ya dubi layin, ya dubi jakar Baba.

"Ta tsaya," ya ce. "Gaskiya ne, ta tsaya."

Baba ya gyara tabarau. "To in dawo gobe?"

"Gobe ma daga can ne, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya san fuskar yaro mai ƙarya tun daga bakin ƙofar aji, ya kuma san wanda ya yi ta don rufa wa wani asiri. Ya mayar da ɗaurin kuɗin cikin jaka, ya zuge. Ya shanye ruwan sanyin tas, don ba ya son ɓarna.

Manaja ya sunkuya kusa da kunnenta. "In an tashi ki same ni a ofis. Ki taho da lambar tagar."

"To, yallaɓai."

Baba ya ji, kunnensa bai tsufa ba. Ya miƙe, ya mayar da kujerar inda mai gadi ya ɗauko ta.

"Uwata, in kin gama da shi kada ki hau bas," ya ce. "Mai sayen bai zo ɗaukar motar ba tukuna. Zan kai masa kuɗinsa, in zo in ɗauke ki."

Ta bi shi da ido har ya fita. Sannan ta ciro lambar daga jikin gilashi, ta goge ta da gefen mayafinta, ta kifa ta kusa da na'urar.

"Na gaba," ta ce.