Gidan da Baba Ya Tuƙa Zuwa Ƙofar Kawu

Ranar da mahaifina Sabzal ya je neman auren Innata, yayanta Kawu Pindok ko tabarma bai shimfiɗa masa ba. Daga bakin ƙofa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce direban babbar mota ba shi da gida, ƙarƙashin mota yake kwana, shi kuwa ba zai ba marar gida ƙanwarsa ba. Kakanmu ne ya ɗaura auren, Kawu bai leƙo ba. Inna Mahganj ta bar ƙauyensu na bakin teku ta bi mijinta Karachi, bayan ta rantse ba za ta ƙara taka gidan yayanta ba sai ya fara shiga gidan mijinta ya ci abincin hannunta. Shi ma ya ce ƙafarsa da Karachi har abada. Taurin kai a danginmu gado ne, ni Granaz ma ban tsira ba.

Haka aka zauna har na girma, gashin Inna ya yi fari. Sai labari ya zo cewa idon Kawu ya fara dushewa, ƙafa ta yi nauyi, ya daina fita teku da jirginsa. Inna ta daina cin abincin kirki. Limamin unguwarmu ya ce ta yi kaffara ta je ta ga ɗan'uwanta tun yana da rai.

"Ba azumin ne ya gagare ni ba, Malam," in ji ta. "Mijina aka wulaƙanta. In na shiga gidan nan, na yarda da abin da ya faɗa ke nan."

Baba ya ja tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya ya kai ta garejin abokinsa, ya yi watanni yana dawowa gida da ƙurar katako a gemu. Ranar da ya fito da ita, unguwa ta watso waje. Ya yi wa bayanta rufi da tagogi biyu da ƙofa mai matakala. A ciki akwai gado, da shimfiɗa, da risho, da tankin ruwa, har da ƙusar rataya hula. A waje an zana ɗawisu da furanni, sarƙoƙi na lilo a ƙasa suna kaɗawa. Maƙwabta suka yi ta dariya, ni kuwa ji nake kamar in rungume ta.

"Uwar Granaz, ɗauko tukwanenki," in ji Baba. "Tunda ba zai zo gidana ba, gidana zai je masa."

Muka kama hanyar bakin teku. Da muka wuce Hub gari ya ƙare, sai duwatsu masu launin toka a dama, ruwa a hagu yana ɓuya yana bayyana. Motar ba ta da sauri, ba ta kuma jin kunyar hakan. Manyan motocin kifi na wuce mu suna yi wa Baba oda, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar hakimi. Duk ƙauyen da muka tsaya, mata sai sun leƙo sun ga risho, su taɓa labule, su tambayi Inna ko ba ta jin jiri.

A Kund Malir muka tsaya sallar azahar a kan rairayi. Wani direba ya ga Baba ya cika raka'a huɗu, ya ce, "Dattijo, ai matafiyi kasaru yake yi."

"Kai ne matafiyi," in ji Baba yana naɗe sallaya. "Ni a ƙofar gidana nake."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko tun zuwan labarin. Amma da muka hau tsaunin Buzi, mota na nishi tana rarrafe, sai ta rungume tukunya a cinya. Da muka wuce garin Ormara, ta fara kiran sunayen wurare a hankali: nan suke shanya kifi, can rijiyar da suke ɗebo ruwa. Ta juyo ta tambaye ni, "In ya ƙi fa?" Tsoro ya kama ni ni ma.

Washegari da hantsi muka shiga ƙauyen. Baba ya tsayar da motar daidai ƙofar gidan Kawu, ya sauke matakala. Inna ba ta sauko ba. Ta kunna risho ta ɗora shinkafa da kifi. Kafin albasa ta soyu, masunta da matansu sun kewaye mu.

Kawu ya fito da sanda, dogo, ya rame, ya sha mur. Aka gaya masa waɗanda suka zo. Ya lallaba ya kewaya motar yana ƙwanƙwasa ta da sanda, har sandar ta bugi taya ta dawo.

"Sabzal, har yanzu ba ka yi hankali ba?" in ji shi. "Wannan ai mota ce."

"Gida ne, Yaya. Da ƙofa, da murhu, da matar gida a ciki."

"Ni dai tunda nake ban taɓa ganin gida da taya ba."

Mutane suka kwashe da dariya. Daga ciki na ji ludayi ya faɗi. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan faɗi abin da ba a faɗa wa kawu, Baba ya harare ni na haɗiye.

Ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙo mini, ya zaro jak. Rana ta take, yashi na ƙona ƙafa, ga shi da ciwon baya, amma ya durƙusa. Ya ɗaga gefe guda, ya jera duwatsu a ƙarƙashi, ya kwance taya. Da wasu masunta suka matso za su kama masa, ya ce su bari, mutum shi ke kafa gidansa. Dariya ta mutu. Ba ka jin komai sai ƙarar sifana da igiyar ruwa da numfashinsa. Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya har motar ta zauna daram a kan duwatsu. Ban taɓa alfahari da wani mutum ba kamar yadda na yi da tsohon nan mai baƙin mai har gwiwar hannu.

Ya mirgino ta ƙarshe ta faɗi a gaban Kawu.

"Ga su nan, ka rataya wa jirginka. Ni na zo ke nan."

Kawu ya taɓa tayar da ƙafa. Ya miƙa sanda ƙarƙashin motar ya laluba, bai ji komai ba sai dutse. Ya daɗe a tsaye, gemunsa na motsi. Sannan ya laluba matakala, ya cire takalmansa ya jera su a gefe, ya gyara murya.

"Salamu alaikum. Maigidan yana ciki?"

Baba na tsaye kusa da shi, gumi na zuba. Sai ya zabura ya raɓa ta gefensa, ya haye matakala da gudu kamar ba shi ne mai ciwon baya ba. Ya juyo ya tsaya a bakin ƙofa, Inna na kuka a bayansa.

"Yana ciki," in ji shi. "Shigo, Yaya."